MAGANIN DA KE HANNUNKA, NAKA NE KAI KAƊAI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani, Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani abu da duk mai cin kasuwar Kornaka, ko ta Sabon Mashi, ko ta Dakoro, ya saba gani har ya daina lura da shi. Mutum ne zai tashi da ciwon kai da zafin jiki, musamman a ƙarshen damina lokacin da gero ya fid da kai sauro kuma ya yi yawa, sai ya tsaya wurin mai tallar magani, wanda ya baza hajarsa a faranti cikin rana, ya ce a ba shi na dala ashirin. Sai a ɓallo masa ƙwaya biyu ko uku, irin mai kai biyu, ja da baƙi, ya kora da ruwa ya kama gabansa. Gobe idan jiki ya yi sauƙi shi ke nan, idan bai yi ba ya koma a sake masa wata kala.

Da za ka tsayar da shi ka yi masa magana, amsar da zai ba ka sananniya ce: kuɗina ne, jikina ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wannan amsa muke son mu ɗora a kan ma'auni. Shin mutumin nan ya taɓa haƙƙin wani, ko kuwa abin tsakaninsa da jikinsa ne kawai? Malaman fiƙihu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka tilas mu fara da sanin abin da ƙwayar nan ke yaƙa, da abin da take yi idan ta shiga ciki.

Halitta mai ganuwa

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 26, Allah Ya yi zancen buga misali da sauro da abin da ya wuce shi, wasu daga cikin malaman tafsiri kuwa sun ce wucewar nan wajen ƙanƙanta ce. A shekarar 1676 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antoni van Leeuwenhoek, gwanin goge gilashin da ke ƙara girman abu, ya leƙa cikin ɗigon ruwa ya ga halittu suna ta kai da komowa. Su ake kira bakteriya a yau. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera wajen dubu biyu kafin su ƙetare faɗin ƙwayar gero guda. Ba su haihuwa irin ta dabbobi. Guda ce ke rabuwa ta zama biyu, biyu su zama huɗu, wasunsu kuwa idan suka sami abinci da ɗumi suna rabuwa kowane minti 20, ta yadda guda ɗaya da ta fara da Asuba za ta haura miliyan kafin a kira Azahar. Mafi yawansu ba su cutarwa. Su ke mayar da madara kindirmo, su ke nunar da daddawa, kuma hanjin kowannenmu cike yake da su, suna taya shi narkar da abinci, suna tare wa miyagu wuri. Kaɗan ne daga cikinsu ke kawo sanƙarau da tarin fuka da taifot da kwalara da ciwon huhun yara.

Abin da ya daɗe yana jan hankalin masu bincike a jikin wannan halitta shi ne ganuwarta. Cikinta cike yake da ruwa mai matsi, kamar salkar da aka ɗura har ta ɗaure, a wasu ma matsin ya fi na iskar da ke cikin tayar mota. Abin da ya hana ta fashewa wata raga ce da ta kewaye ta gaba ɗaya, saƙaƙƙiya kamar zare da abawa: dogayen zarurruka na wani nau'in sukari, da gajerun ɗauri masu haɗa kowane zare da maƙwabcinsa. Da yake halittar kullum cikin girma da rabuwa take, kullum cikin aikin ganuwa take, ta kwance nan, ta ƙara sabon zare, ta ɗaure, kamar mai gyaran darnin da ba ya hutawa.

A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya gano cewa idan aka rina bakteriya da wani shuɗin rini aka wanke, masu ganuwa mai kauri suna riƙe rinin, masu siririyar ganuwa kuwa suna sakin sa. Har yau da wannan rini ma'aikacin ɗakin bincike ke duba ruwan da aka ɗebo daga gadon bayan yaro mai sanƙarau, ya gane irin ƙwayar da ta kama shi, kamar yadda marini ke gane yadi da irin shan da ya yi wa baba.

Makamin da ke rusa ganuwa

Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba su da irin wannan ganuwa, kuma a cikin haka akwai rahama babba, domin duk abin da zai rusa ganuwa zai kashe baƙuwa ya bar mai gida. Tun asali ma Allah Ya sanya mana irin wannan makami a jiki. A shekarar 1922 wani likita a Landan, Alexander Fleming, ya bayyana cewa a cikin hawaye da miyau da majina akwai wani sinadari mai narkar da ganuwar wasu bakteriya, akwai shi kuma a cikin nonon uwa. Shi dai wannan likita ne a 1928 ya tarar fumfuna ta faɗa cikin farantin da yake kiwon bakteriya, ya ga duk waɗanda ke kusa da fumfunar sun narke. Daga nan fenisilin ya samo asali, aka fara ba marar lafiya shi a Okusfod a 1941.

Sai a 1965 wasu masu bincike a Amurka suka fayyace yadda yake aiki. Fenisilin ya yi kama da guntun ɗaurin nan na ganuwa. Sinadarin da ke aikin ɗauri sai ya ɗauke shi bisa kuskure, ya maƙale masa a hannu, ya kasa sakewa. Halittar kuwa ba ta fasa kwance tsohon ɗauri don ta girma, ga shi babu mai ɗaura sabo, sai ganuwa ta yi rauni, ruwan ciki ya fasa ta. Ampisilin da amoksisilin, waɗanda galibi su ne ke kan farantin mai talla, da allurar seftiriyakzon, duk dangin fenisilin ne, aikinsu ɗaya. Waɗanda suka ga sanƙarau na 1995, wanda ya kama fiye da mutum 40,000 a Nijar, sun san darajar irin wannan makami. A wani gwaji da aka yi a ƙasarmu a 2003 an tabbatar cewa lokacin annoba allurar seftiriyakzon guda ɗaya tana ceton mai sanƙarau daidai da allurar mai da aka saba yi a da.

To, a nan mai hankali zai lura da abu guda. Maganin da aikinsa rusa ganuwa ne ba shi da abin da zai yi wa cutar da ba ta da ganuwa. Mura da ƙyanda na wata halitta ce dabam da ake kira bairas, masassarar cizon sauro ita ma ta wata halitta ce dabam, kuma duk ba su da ganuwa. Wanda ya haɗiyi ampisilin saboda su ya harba kibiya inda babu abokin gaba. Sai dai kibiyar ba ƙasa take faɗawa ba, kan bakteriyar hanjinsa take sauka.

Jiki ba ya sabawa

Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, jikina ya saba da maganin nan, ya daina yi mini aiki. A nan kuskuren yake, a nan kuma hukuncin ya rataya. Da jiki ne ke sabawa, da cutarwar ta tsaya ga mai jikin, ranar da aka binne shi a binne ta tare da shi. Amma ƙwayar cuta ce ke gagarar magani, ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin hannu da akushi da guga da ƙuda da bayan gida, daga wannan zuwa wancan.

Ga yadda abin ke faruwa. A cikin miliyoyin bakteriya akan sami 'yan ƙalilan masu wata kariya. Tun 1940, kafin ma a fara ba mutane fenisilin, an gano cewa wasu suna fid da wani sinadari mai aiki kamar almakashi, yana datse maganin kafin ya isa ganuwa. Wasu kuma suna sauya siffar maɗaurin ganuwar yadda maganin ba zai kama shi ba. Muddin ba a sha magani ba, waɗannan 'yan ƙalilan a takure suke cikin taron 'yan'uwansu. Da zarar an sha, masu rauni sun mutu, fili ya zama na masu kariya, su yi ta rabuwa har su cika shi. Kowane manomi ya san wannan: idan ka nome ciyawa mai sauƙi ka bar ƙuduji ya zubar da iri, baɗi gonar ta ƙuduji ce. Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa idan maganin ya shiga hannun kowa, wanda bai sani ba zai riƙa shan abin da bai isa kashe cutar ba, ya horar da ita, ya kuma miƙa ta ga iyalinsa. Sannan a ƙarshen shekarun 1950 aka gano a Japan cewa bakteriya suna miƙa wa juna wannan kariya ko da ba dangi ɗaya suke ba, kamar yadda ake ba da laƙani. Marar cutarwa da ke zaune a hanjinka tana iya riƙe laƙanin, ta ba muguwar da ta shigo daga baya.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ƙasashen nesa ne. Tsakanin 2007 da 2008 an duba yara 55 da aka kwantar saboda tamowa a Maraɗi. Ranar shigarsu, 17 sun riga sun zo ɗauke da bakteriya masu almakashin da ke datse har da seftiriyakzon. Daga cikin 16 da suka shiga ba su da ita, aka kuma sake duba su ranar sallama, 15 sun ɗauka. Tsakanin 2012 da 2013 kuma, a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarumfa, an raba yara wajen 2,400 masu tamowar da ba ta kai ga kwanciya ba gida biyu, aka ba rabi amoksisilin na kwana 7, aka ba rabi abu mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Warkewarsu ta zo kusan ɗaya, kashi 66 cikin ɗari da kashi 63, ko da yake waɗanda aka tura kwanciya sun fi ƙaranci a cikin waɗanda suka sha maganin. Da aka bi wasu daga cikin yaran har gida, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka sha maganin sun fi ɗaukar bakteriya masu gagara, kuma yayye da ƙannensu, waɗanda ko ɗanɗana maganin ba su yi ba, su ma sun fi ɗauka daga gare su. Wannan fa magani ne na gaske, likita ya auna ya bayar bisa ƙa'ida. To, ina ga na faranti? An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai bakteriya masu gagarar magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina asara.

Ɓarawo mai riguna 60

Mu koma ga masassarar da ta kai mutuminmu wurin mai faranti, wadda a ƙarshen damina sau da yawa ta cizon sauro ce. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ƙwayarta a cikin jinin marar lafiya a Kusantina ta Aljeriya a 1880. Irin da ta fi yawa a ƙasarmu, mai suna falsifarom, ita ce mafi kisa, kuma an daɗe ana binciken dalilin muguntarta. Idan sauro ya zuba ta, sai ta sauka a hanta wajen mako guda ta yawaita, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana fasa su kowane kwana biyu. Allah Ya sanya saifa ta zama matatar jini, tana kama duk ƙwayar jinin da ta lalace. Don ta kauce wa saifa, sai ƙwayar cutar ta fid da wani abu mai danƙo a bayan ƙwayar jinin da take ciki, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi. Idan a ƙwaƙwalwa ta manne, shi ne yaro ke fizge-fizge ya suma, mutane su ce iska ce. Idan a mabiyiya ta manne, mai ciki ta haifi ɗa ɗan mitsitsi ko ta yi ɓari. A 1995 aka gano asirin wannan danƙo: tana da wajen iri 60, ta sa ɗaya ta ɓoye saura, da zarar jiki ya gane wannan riga ya shirya mata, sai ta sake wata. Shi ya sa babban da ya sha cizo shekara da shekaru, jikinsa ya san riguna da yawa, masassara kan zo masa da sauƙi, ɗan shekara biyu kuwa tana iya ɗauke shi cikin kwana biyu.

Manyan cikinmu sun tuna kulorokin, wanda aka fi sani da Nivaquine, ga araha ga aiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar ta fara gagarar sa a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya, a 1978 gagarar ta iso gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ta ƙaraso mana, har a 2005 Nijar ta bar shi ta koma ga magani mai haɗi biyu, wanda jigonsa atemisinin ne, da wata malama 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar a 1972 daga wani tsiro dangin tazargade. Shi ma wannan an ga alamar rauninsa a Kambodiya wajen 2008, a Ruwanda a 2020, sannan a Yuganda da Eritiriya. An haɗa shi biyu ne don ɗaya ya yi kisa da sauri, ɗayan ya share ragowa, kuma kwana 3 ake sha. Wanda ya sha na yini ɗaya ya ji sauƙi ya ajiye saura don wata rana, ya nome rabin gona ya bar ƙuduji, sauro kuwa zai ɗauki irin ya kai gidan maƙwabci.

Guga da rijiya

Mutanen wannan yanki ba su bukatar dogon bayani a kan rijiya. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, wasu sai da jaki ko takarkari ko raƙumi ake jan guga, kuma da yawansu ba mu muka haƙa ba, tarar da su muka yi. Kowa da gugansa da igiyarsa, ruwan da ya jawo nasa ne, ya sha, ya shayar, ya ba wanda ya so. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ce tun da gugansa ne zai zura shi da ƙazanta aka ƙyale shi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa, an bayyana cewa masu rijiyar dabbobi su ke da haƙƙin farawa, amma ba su da ikon hana jama'a abin da ya rage.

Ƙwayar da ka saya da kuɗinka kamar ruwan guganka ce. Ƙarfin maganin kuwa, watau kasancewarsa yana kashe cuta, shi ne rijiyar, kuma dala ashirin ba ta saye maka shi ba. Na dukan mutane ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Duk shan da aka yi, ko da na gaskiya ne, yana rage shi kaɗan. Shan larura halal ne, wani lokaci ma wajibi, kamar mai ƙishirwa ne ya ja ruwa. Shan banza kuwa, da shan rabi da rabi, almubazzaranci ne da dukiyar da kake tarayya da wasu a cikinta. Mun ga rijiyar kulorokin ta ƙafe a kan idonmu, haƙa sabuwa kuwa yana cin shekaru da dukiya mai yawa, idan an haƙa ma sai ta daɗe kafin ruwanta ya iso ƙauyukanmu, kuma da tsada.

Imam Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.) misalin da Manzon Allah (S.A.W.) ya buga da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi shawarar huda nasu ɓangaren su ɗebi ruwa don kada su dami na sama. A lura, mutanen nan ba mugunta suka nufa ba, sauƙi suka nema, kuma nasu rabon za su huda. Haka mutuminmu na kasuwa, ba ya nufin kowa da sharri, gudun ɓata yini a likita yake yi. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana ruwa shiga, kuma ƙa'idar shari'a ta hana cuta da cutarwa ba ta tsaya ga mai gangan kaɗai ba. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Bayan sani kuwa, uzurin ya ɗauke.

Uzurori uku

Wani zai ce: nuna mini wanda na cuta. Gaskiya ne, ba wanda zai iya nuna maka gawa ya ce ƙwayarka biyu ta kashe wannan. Haka ma ba wanda zai nuna itacen da sare shi ya kawo hamada, amma dattawanmu sun san yadda dajin nan yake a da. Cutarwar da aka yi tarayya a cikinta ba ta zama babu don masu yi sun yi yawa, kowa da rabonsa gwargwadon hannunsa, ma'aunin ranar ƙiyama kuwa har ƙwayar zarra yana aunawa.

Wani zai ce: cuta da waraka na Allah ne, idan ajali bai zo ba ba abin da zai faru. Babu Musulmin da ke musun haka. Amma lokacin annobar Amwas, da Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'a daga hanyar Sham, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ba da misali da makiyayin da ya iske kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, ko wanne ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Wane makiyayi ne a arewacin Dakoro zai zaɓi busasshen gefe ya ce tawakkali ne?

Uzuri na uku shi ne mafi nauyi, watau talauci da nisa. Uwar da ke ƙauye, likita na nesa, amalanke ba nata ba, abin hannunta bai wuce dala ashirin ba, yaro na zafi a bayanta, ga mai faranti a ƙofar gida, wa zai jefe ta da laifi? Larura tana da hukuncinta. Sai dai nauyin da ya sauka daga kanta bai ɓace ba, ya koma kan mai gida, da dangi, da masu hali, da mahukunta. Kuma ya kamata ita ma ta sani, arahar nan ba araha ba ce: idan masassarar cizon sauro ce, ƙwayar ba ta taɓa ta ba, kwanakin da aka ɓata kuwa su ke kai yaro ga neman ƙarin jini, alhali gwajin ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba.

Kada kuma a fahimci cewa rowar magani muke kira a yi. A yankin Doso, a Boboye da Loga, an gwada ba dukan yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, masu ciwo da marasa ciwo. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari, amma bakteriya masu gagarar irin wannan magani sun ƙaru. Ga ran yaron yau a gefe, ga haƙƙin yaron gobe a gefe, kuma duka biyun gaskiya ne. Irin wannan rinjayarwa tsakanin maslaha da ɓarna sai masu ilmi da ƙidaya, waɗanda ke bin sawun abin shekara da shekaru. Idan su da ke da ma'auni suna taka-tsantsan haka, yaya wanda ba shi da ma'auni zai yanke wa kansa a tsaye a bakin kasuwa?

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Mai ciwo, ka nemi a gwada ka kafin ka sha, ka sha yadda aka ce da kwanakin da aka ce, kada ka raba maganin yaro ɗaya ga yara biyu, kada ka ba maƙwabci ragowar naka da sunan taimako. Idan likita ya ce mura ce, a huta a sha ruwa, kada ka tsare shi sai ya yi maka allura.

Mai talla, ka ji tsoron Allah. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da saninsa ba. Zafin rana yana kashe ƙarfin magani, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu, ko jabu ne ko marar inganci. Magani mai rabin ƙarfi kuwa shan rabi ne, ko da mai ciwo ya cika kwanakinsa.

Makiyayi da mai turke, allurar da kake yi wa saniya da hannunka daga rijiya ɗaya take da ta ɗanka. Ka nemi malamin dabbobi, kada kuma ka kai nono ko nama kasuwa kafin kwanakin da aka iyakance su cika.

Ma'aikacin lafiya, abin da ke hannunka amana ne, kada kunya ko kwaɗayi su sa ka rubuta abin da ka san ba ya da amfani, kada kuma ka sallami marar lafiya ba ka fahimtar da shi ba.

Jama'ar masallaci, kamar yadda muke haɗa kuɗin tabarma da na buta, muna iya haɗa na cika wa marar hali maganinsa da na kai shi likita. Mu riƙi rigakafi, domin ciwon da bai zo ba bai ja ko guga ɗaya ba. Tun da aka fara allurar MenAfriVac a 2010, sanƙarau nau'in A, wanda shi ya yi mana ɓarna a 1995, ya kusan ɓacewa. Mu kai yara allura, mu karɓi maganin masassara na wata-wata da ake raba musu da damina, mu kwana cikin gidan sauro, mu haƙa masai, mu wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙon amanar da ke hannunmu har mu miƙa ta ga na baya da sauran ruwa a ciki. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya gafarta mana baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.